Mai wayarin da ya sake mana wutar tsohon jirgin ruwa: aiki mai kyau, alƙawari mai rauni

Jirgin da ni da Yayana muka haɗa kuɗi muka saya a kudancin Ingila ƙarami ne mai tafiya da iska, ƙirar Westerly Centaur ta 1977. Tsawonsa ƙafa 26. Yana da ƙafafun ƙarfe biyu a ƙarƙashi, shi ya sa idan ruwa ya janye a Chichester Harbour, inda muke ɗaure shi, sai ya tsaya cak a kan laka bai kwanta ba. An ƙera irinsa sama da 2,400 tsakanin 1969 da 1980 a Waterlooville, kusa da Portsmouth, kuma har yau da wuya ka zagaya mashigin Solent, ruwan da ke tsakanin gaɓar Ingila da tsibirin Wight, ba ka haɗu da ɗaya ba. Gangar jikinsu tana da ƙarko. Kayan ciki ne ke tsufa, wuta kuwa ita ce kan gaba. A hunturun da ya wuce muka ba wani mai wayarin jiragen ruwa aikin sake wayoyi da batura gaba ɗaya, kuma yanzu da muka yi bazara guda muna yawo da jirgin ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani. Ba zan ambaci sunansa ba, domin bayanina akwai yabo akwai ƙorafi, shi kuma mutum ɗaya ne da motarsa da kayan aikinsa.

Kafin ya zo, in ka danna rediyon VHF za ka yi magana, na'urar auna zurfin ruwa sai ta ɗauke ta dawo. Fitilar saman jigo, wato dogon sandan da ke tsaye a tsakiyar jirgi, tana ci dishi-dishi. In muka kwana a kan anka, wato ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa ya riƙe jirgi, da safe da ƙyar inji ke tashi. A Solent wannan ba abin wasa ba ne. Manyan jiragen kwantena suna shiga Southampton, jiragen fasinja suna kai da komo zuwa tsibirin Wight dare da rana, kuma dokar kauce wa karo a teku ta 1972 ta ce jirgin da bai kai mita 12 ba sai an hango fitilunsa na gefe daga nisan mil 1, ta baya daga mil 2. Mu namu ban yi zaton ana ganinsu daga rabin haka ba.

Abin da ya fara burge ni da mutumin shi ne ya ƙi yanka farashi ta waya. Ya ce sai ya gani. Ya zo filin da aka ɗaga jirgin aka ajiye, dattijo ne mai ƙarancin magana, ya shafe safiya guda da mita a hannu yana shiga lungu-lungu. Ya auna a kan batir ya samu volt 12.5, ya kunna fitilar jigo ya auna a gindin jigon ya samu 10.8. Wato tun kafin wutar ta fara hawa sama an riga an yi asarar kusan volt biyu a hanya. Ya ce a wayar fitilun tafiya da rediyo bai kamata asarar ta wuce kashi 3 cikin 100 ba, ƙasa da rabin volt ke nan.

Daga nan ya kira ni in leƙo. Ya yanke wata jar waya a bayan allon makunnai, ya fere robar, sai ga jan ƙarfen ciki ya yi baƙi ƙirin. Ya ƙara yankewa taƙi guda ya sake ferewa, baƙi. Ya ci gaba har ya yi tsawon kamu, bai kai inda ƙarfen ke da haske ba. Ya murza silin tsakanin yatsunsa, suka karye suka bar masa baƙin gari a fata. Iskar teku mai gishiri tana shiga ta bakin waya ne ta bi sili-sili tana ci har ciki, roba kuwa a waje tana nan lafiya lau, mai jirgi bai san komai ba. Ya nuna mini cewa wayarin na asali, wanda aka yi a masana'anta, shi ne ma ya fi tsari. Ɓarnar ta masu jirgin ce da suka yi ta wucewa cikin shekara arba'in da wani abu. Kowa ya sayi sabuwar na'ura sai ya jona a inda ya fi masa kusa, in ta lalace ya cire ta ya bar wayar a rataye. Akwai wayar gida mai sili ɗaya, wadda girgizar inji ke karyawa. Akwai 'yan mahaɗan roba masu sukuru irin na wayarin ɗaki, duk sun yi kore. Akwai inda aka murɗa waya da waya aka naɗe da baƙin salatif.

Wadda ta tayar mini da hankali wayar famfon kwashe ruwa ce. An ɗauko ta kai tsaye daga kan batir, babu fiyus ko ɗaya, ta bi ta ƙarƙashin gadon da 'yata ke kwana, tana gogar wani kaifin gefe. Robar ta cinye a wurin har ta fara narkewa. Ya ce mini mutane suna ɗauka fiyus na'ura yake karewa, alhali waya yake karewa. Batirin mota ko na jirgi, in wayoyinsa biyu suka haɗu, yana iya sakin ɗaruruwan amp nan take, siririyar waya ta yi jajir ta kama abin da ke kusa da ita. Jikin jirgin kuwa faiba ne da katako da soso, ga tankin man dizal, ga tukunyar gas ta girki. A kan ruwa babu inda mutum zai fita ya tsaya. Tun daga wannan lokaci na daina tunanin ko za mu yi faci mu lallaɓa.

Bai yi maganar batir ba sai da ya ba mu takarda ya ce mu rubuta duk abin da muke kunnawa da tsawon lokacin da yake ci. Rediyo, na'urorin zurfi da gudu, na'urar da ke riƙe sitiyari da kanta, cajin wayoyin hannu da kwamfutar taswira, fitilun ciki, fitilar anka, da ɗan akwatin sanyaya abinci. Da ya haɗa lissafi ya fito wajen 45Ah a yini (Ah ma'aunin yawan wutar batir ne, amp ɗaya na tsawon awa ɗaya), kusan rabi akwatin sanyin ne ke sha. A nan ya nuna mana inda ake samun sauƙi ba tare da an sayi ƙaton batir ba. Tsohon ƙwan fitilar anka mai wat 10 yana shan kusan 8Ah a dare guda. Na LED bai kai 2Ah ba. Ƙwan saman jigo mai wat 25 yana jan amp 2 cur, wanda ya maye gurbinsa ɗan kaɗan yake ja, kuma da raguwar abin da waya ke ɗauka asarar hanya ma ta ragu.

A kan batir ne muka yi gardama, ni da Yaya, a cikin mota a bakin filin. Shi litiyom yake so. Bai daɗe da canja wa Hajiya baturan inbata a gida Kano ba, ya cire na ruwa ya sa litiyom, kuma tun daga nan ba a sake kiransa cewa wuta ta ɗauke da tsakar dare ba. Ya ce, "Ƙanena, abin da ya riƙe firji da fanka a zafin Kano, shi ne zai kasa riƙe 'yan fitilun nan?" Na ce, "Yaya, ka bari mu ji dalilinsa tukuna."

Dalilin nasa, da muka koma, ba wai litiyom ba shi da kyau ba ne. Ya yarda ya fi sauƙin nauyi, ya fi daɗewa, kuma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na abin da ke cikinsa, alhali batirin dalma in kana wuce rabi kullum kana rage masa kwana. Matsalar injinmu ce. Volvo Penta ne na asali mai silinda biyu, altanetarsa ƙarama ce kuma tsohuwa. Litiyom yana karɓar duk wutar da aka ba shi ba ya cewa ya isa sai ya kusa cika, saboda haka altaneta za ta yi ta aiki iya ƙarfinta a cikin ɗan akwatin inji mara iska har ta ƙone. In kuma na'urar da ke kula da batirin daga ciki ta yanke ba zato ana cikin caji, wutar da ta rasa wurin zuwa tana iya kashe altanetar da na'urorin da ke kan layi. Maganin wannan shi ne a sa caja ta musamman tsakanin batirin inji da na litiyom, a sa fiyus mai iya yanke wuta mai tsananin yawa, irin wanda ake kira Class T, a kuma sanar da kamfanin inshora. Ga shi litiyom irin na LiFePO4 ba a cajinsa in sanyi ya kai ƙasa da digiri 0, jirginmu kuwa a waje yake kwana duk hunturu da farantin sola a kai. Ya ce zai iya yin duk wannan in muna so, kuɗinsa ma ya fi yawa a haka, amma ga mutanen da ke fita Asabar su dawo Lahadi bai ga abin da za mu samu da ya kai kuɗin ba.

Mun tsaya a kan batura biyu na AGM, wani nau'in batirin dalma da aka rufe ruf, masu 110Ah kowanne don hidimar ciki, da ƙarami guda na tayar da inji shi kaɗai. Rabin 220 shi ne 110, wato kwana biyu da ɗoriya ba tare da an kunna inji ba. AGM ba ya zubar da ruwan batir in jirgi ya karkata, abin da ke da muhimmanci tunda a ƙarƙashin wurin kwana suke. Yaya har yau bai gamsu ba, kuma ban ce ba shi da hujja ba. Wanda ke zaune a jirginsa wata da watanni, ko mai shirin tsallakawa Faransa ya daɗe, litiyom ya fi masa. Amma na girmama mutumin da aka miƙa wa aiki mai tsoka ya ce ba ku buƙata. Kuma ya zaɓi kaurin manyan wayoyi ya bar fili a jikin allon yadda in mun canja shawara nan gaba ba sai an sake warware komai ba.

Shi kansa aikin, ban taɓa ganin wayarin mai tsabta haka ba. Duk wayar da ya sa mai sili da yawa ce da aka shafe kowane sili da kuza don gishiri kada ya ci. Bai yi amfani da dalma wajen haɗi ba, ya ce tana sa wurin ya sandare, girgiza ta karya shi daidai inda dalmar ta ƙare. Matsewa yake yi da wani filaya wanda ba ya buɗewa sai ya kai ƙarshe, sannan ya ja kan wayar da ƙarfi ya tabbatar, sannan ya saka robar nan mai gam a ciki ya hura mata zafi har gam ɗin ya ɗan ɓullo a baki. Na tsaya na kalle shi yana yin haka a kan wata siririyar wayar fitilar bayan gida, wadda ba mai sake ganinta, da natsuwa ɗaya da ya yi wa babbar wayar inji. Kowane batir yana da fiyus ɗinsa na Blue Sea Systems a kan bakinsa. Ya ce ƙa'idar Amurka ta ABYC inci 7 ta yarda tsakanin batir da fiyus, shi kuwa in zai yiwu ba ya barin ko inci ɗaya. Baƙaƙen wayoyi duka sun taru a kan sandar ƙarfe guda maimakon cunkoson da ke kan batir a da. Inda waya za ta ratsa katako ya sa mata zoben roba, inda za ta shiga na'ura ya ɗan lanƙwasa ta ƙasa don raɓa ta ɗiga kafin ta kai mahaɗa.

Tsohon babban makunnin zaɓen batir, mai 1, 2, duka biyu da kashewa, ya cire shi. Da shi sai mutum ya riƙa tunawa ya juya bayan ya kashe inji, in ya manta ya shanye batura duka. Yanzu kowane ɓangare da makunninsa, akwai na'urar da ke haɗa su da kanta in inji na caji ta raba su in ya tsaya, akwai kuma makunnin gaggawa da ke ara wa inji wuta daga baturan ciki. Famfon kwashe ruwa yana nan kai tsaye a kan batir, domin dole ya yi aiki ko ba kowa a jirgi, amma yanzu da fiyus ɗinsa, kuma wayar ta bar ƙarƙashin gadon. Ya ɗora farantin sola mai wat 80 da na'urar caji ta Victron, ya sa mitar batir BMV-712 wadda ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. Ni na nemi wannan saboda tana da fuskarta a jikin bango, ko wayar hannu ta mutu ina iya dubawa.

Abin da na fi daraja a duk aikin bai kai ko ɗaya daga waɗannan tsada ba. Kowace waya tana da lamba a bakinta biyu, an buga an rufe da roba mai haske. Ya zana taswirar wayarin a takarda biyu, ya lulluɓe su da leda mai kauri ya maƙala a bayan ƙofar allon, da girman kowane fiyus, da ƙaramin akwati na fiyus ɗin canji. Ranar miƙa aiki ya cire fiyus guda ba tare da ya gaya mana wanne ba, ya ce mu nemo. Uwargidana ce ta gano shi, da tocila da takardar, cikin 'yan mintuna. Mai wayarin ba zai bi ka teku ba. In fitila ta mutu da dare a tsakiyar hanyar manyan jirage, kai ne da abin da ya bar maka, kuma wannan mutumin ya bar mana jirgin da muke iya karantawa.

To, sai ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne. Ya ce zai gama kafin ƙarshen Maris. Filin da muke ajiye jirgi ba a iya saukar da shi ruwa sai lokacin babbar cikowa, wadda ke zuwa kusan duk mako biyu, kuma a farkon bazara kowa layi yake bi. Mun kama rana, mun biya, ranar ta zo allon makunnai yana kan gado da wayoyi a waje. Ya karɓi ayyuka fiye da ƙarfinsa, abin da na fahimta ke nan daga baya, domin duk masu jirage a lokaci guda suke son a gama musu. Wannan zan iya yi masa uzuri. Abin da ban yi masa uzuri ba shi ne shirun. Ka kira ba ya ɗauka, ka tura saƙo sai bayan kwanaki ka ga amsa mai kalma uku. Da ya gaya mana tun da wuri cewa ba zai cika ba, da mun ɗage ranar ba mu yi asarar kuɗin ɗagawa da ƙarin kuɗin ajiya ba. Sai cikin Mayu jirgin ya taɓa ruwa.

Na biyu kuɗi. Takardar farko ta ce wajen fam 2,600, ta ƙarshe ta zo fam 3,300, kusan rabin abin da muka sayi jirgin. Yawancin ƙarin daga jigo ya fito. Shi da ya auna asarar wuta a gindin jigo tun ranar farko, ya san wayoyin cikinsa da wayar eriyar rediyo shekarunsu ɗaya da sauran, amma bai sa su a lissafi ba, bai kuma rubuta cewa ba sa ciki ba. Sai da aiki ya yi nisa ya ce ai dole a canja su. Gaskiya ne dole ne, kuma jigon yana kwance a ƙasa lokacin, wanda shi ne lokacin da ya dace. Amma mutum yana da haƙƙin sanin nauyin kaya kafin ya ɗauka. Da Yaya ya yi masa magana ya rage wani abu daga kuɗin hannunsa, ba tare da jayayya ba.

Na uku rufin ciki. Jiragen wancan zamani an liƙa musu leda mai soso a sama, soson ya riga ya zama gari, wayoyin fitilu kuma ta bayanta suke bi. Dole ya ɓare ta, ban musa ba. Sai dai yadda ya mayar da ita ba aikin wanda ya yi waɗancan mahaɗai ba ne: gam ya fito a gefe, kusurwa biyu sun sake saki tun kafin bazara ta raba, garin soso kuma mun yi ta share shi daga cikin kabad. Ya ce shi ba mai rufi ba ne. Da ya faɗi haka tun farko da mun nemo mai yi.

Tun da muka sauka ruwa wuta ba ta ba mu matsala ba. Mukan kwana a Newtown Creek, a tsibirin Wight, a kan anka da akwatin sanyi a kunne, da safe mita ta nuna wajen kashi 85, kafin la'asar in akwai rana sola ta mayar da mafi yawansa. Inji na tashi bugu ɗaya. Rediyo ba ya ƙara kashe na'urar zurfi, kuma da muka gwada shi da wani jirgi da ke can wajen Cowes an ji mu tar. A tsakiyar bazara ya zo da kansa, ba mu kira shi ba, ya sake ɗaure notunan batir ya duba ko akwai inda ke ɗumi, bai karɓi ko kwabo ba.

Saura ɓangaren wutar tasha mai volt 230, wadda ake jonawa daga bakin gaɓa. Tsohuwar wayar jonawa da muka tarar, wadda ba ta da na'urar yanke wuta in ta zurara, ya cire ta ya ce kada mu kuskura mu jona jirgin da ita. Ana buƙatar ƙaramin allo mai na'urar yankewa ta 30mA, da caja, da abin da ke hana wutar jiragen maƙwabta cinye dunƙulen tutiyar da ke kare farfela in an kwana a tashar ƙananan jirage. Shi za mu ba, a watan Nuwamba da zarar an ɗaga jirgin, lokacin da ba a rububinsa. Na riga na gaya masa wannan karon sai ya rubuta ranar gamawa, da abin da ke cikin farashi da abin da ba ya ciki, kafin ya taɓa komai, ya kuwa amince.